Ranar da Baba Saje Ya Bar Gadinsa

Tun makon jiya na rasa inda zan sa kaina. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba, har maigidana ya gaji ya tambaye ni ko kunama ce ta harbe ni. Ba kowa ya jawo min ba sai matar ɗanmu na riƙo. Sun zo daga Kano ran Asabar, muna zaune a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, sai yarinyar nan ta zaro waya daga jaka, ta taka har gaban surukinta, tsaye ƙiƙam, ta miƙa masa, wai ya ga hoton cikinta da aka ɗauka a asibiti. Ciki fa, kuma na fari! Shi kuma dattijon nawa, maimakon ya kau da kai, sai ya gyara tabarau yana tambaya ina kan yake, ina ƙafar. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa. Na tashi na shige ɗaki na zauna a bakin gado, kuma har yau ban tantance ba ko haushinta nake ji ko sha'awa take ba ni.

Mu ba haka muka tashi ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Rano da Kibiya, in ka sauka daga titi ka bi burtali sai ka gaji kafin ka hango rumbunanmu. Kakanninmu Maguzawa ne, iyayenmu suka karɓi bishara, mu kuma muka buɗe ido muka ga majami'a ta jar ƙasa da rufin kwano, kujerunta ma na ƙasa, sun yi sumul saboda zama. Yanzu an rushe ta an yi ta bulo, an kafa lasifika, in za a yi taro sai a turo saƙo a waya, rabin mutane su ce ba su da caji. A da kuwa wani tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin ɗorawa, in aka buga shi da asuba har haƙoranka sai sun amsa. Bayan shi sai zakaru, sai kiran salla daga unguwar Musulmi da ke ƙetaren rafi, sai tabare su fara sauka gida-gida. Kana kwance ka san wadda ta makara da daka, ka san wadda ta kwana da fushi, domin tabaryarta ce za ta faɗa maka. Mu da mutanen ƙetare rijiya ɗaya muke sha da rani. Su aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafar Kirsimeti, kuma mahaucinsu muke kira ya yanka mana akuya don kowa ya ci.

Mai buga ƙarfen nan surukina ne, uban maigidana, wanda kowa ke kira Baba Saje. Ya yi soja tun lokacin yaƙin basasa, a bariki ya tuba ya zama mai bi, ya dawo gida da ɓarɓashin ƙarfe a ƙafarsa ta hagu, da takalman soja da yake gogewa kullum safiya ko da gona za shi. Fasto sau ɗaya yake zuwa mana a wata daga Rano a kan keke, saboda haka ikilisiya a hannun Baba Saje take, kuma ya riƙe ta yadda ya iya. Addu'ar asuba fareti yake ce mata. Wanda ya shigo bayan an fara waƙar farko a tsaye zai yi sujada, ko da furfura a kansa. Ran Laraba azumi ne, sai ya bi gida-gida yana leƙa murhu ko zai ga hayaƙi. Yakan ce mai bi soja ne, an kira shi ya amsa, ba shi ke zaɓar inda za a ajiye shi ba, kuma abokin gaban da muke yaƙi da shi bai taɓa ɗaukar hutu ba, to mu don me za mu ɗauka? Wata rana na ji Fasto yana lallaɓa shi, yana cewa, "Baba, a ɗan sassauta mana, majami'a fa ba bariki ba ce." Ya ce, "Fasto, na ga yaran da aka sassauta wa a wajen atisaye. Ni na binne su." Fasto ya ja kekensa ya tafi. Mu mata a bayan idonsa Kwamanda muke ce masa, muna kwaikwayon tafiyarsa a bakin rijiya har mu zubar da ruwa don dariya. Amma in za a faɗi gaskiya, a hannunsa muka haddace abin da muka haddace na Maganar Allah, kuma ban taɓa ganin ya ɗora wa wani abin da shi bai fara ɗauka ba. Yau in na ga ana tsakiyar addu'a saurayi ya fice amsa waya, ko an ce azumi yarinya ta ce tana da olsa, sai in ji hannuna na ƙaiƙayi, in ce ina ma tsohon nan zai leƙo ko na minti biyar. Sai kuma in tuna, in kama bakina.

Ni tsakanina da shi kunyar surukuta ce. Shekara tara ina gidan, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, shi ma bai taɓa dubana ba, ko murhuna ran Laraba tsallake shi yake. In na hango shi a hanya sai in ratse cikin gona, ko in durƙusa a gefe in ba shi baya har ya wuce. Gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu, ita ma a cikin mayafi nake yinta, shi kuma ya amsa wa bango. In yana da saƙo sai ya tsaya a zaure ya ce, "A gaya wa mutanen ciki miyar jiya ta yi gishiri," alhali ni kaɗai ce mutanen cikin, domin uwar maigidana ta rasu tun kafin a kawo ni. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce da muka gada daga kakanni. Bishara ta zo ta kawar da tsafi da tukunyar giya, amma ba ta taɓa wannan ba. Kuma a shekara taran nan ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha baƙar magana a bakin rijiya, dangi sun sha zuga maigidana a ɓoye. Baba Saje bai taɓa cewa uffan ba. Abin da yake yi kawai, kullum asuba in ya zo ƙarshen addu'a, sai ya ce, "Ubangiji, akwai gida ɗaya da har yanzu ba a ji kukan jariri ba, muna nan muna jiran umarninka." Ba ya kama suna, kowa kuma ya san gidan. Ni ina can layin baya, in sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a gwiwata. Bai tsallake ko rana ɗaya ba.

Sai ga shi a shekara ta goma, da kaka, na ji jikina ya sauya. Cikin fari ba a maganarsa, wannan kowa ya sani, balle wanda aka yi shekara tara ana jira. Mama Ladi, shugabar zumuntar matanmu, ita ta fara ganewa. Ta ja ni bayan rumbu ta ce in rufe bakina, in yawaita mayafi, kada baki ya kama shi. Mata suka sani suka yi gum. Maigidana ya sani, amma ɗa ya tsaya gaban ubansa ya ce matata na da ciki, da wane bakin? Aka shirya in an gama noman fari gwaggona za ta zo ta tafi da ni goyon ciki, daga nan dattawa su sanar da shi yadda ya kamata. Shi kuwa ga yanar ido ta fara kama shi, ga shi dama ba kallona yake ba. Haka na yi wata bakwai ina zaune a layin baya, abu na motsi a cikina, ina jin tsohon nan yana roƙon abin da aka riga aka ba shi. Wani lokaci dariya ta kama ni, wani lokaci tausayi.

Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Sojoji ba su daɗe da barin mulki ba, kowa da bakinsa, kowa da rediyonsa. Labarin abin da ya faru a Kaduna ya riga ya iso mana, kullum kuma sai an ƙara masa gishiri a hanya. Yau a ce za a rufe majami'u, gobe a ce an ga baƙin fuska a tashar Rano. Can ƙetare su ma ashe ana gaya musu mun tara makamai a ƙarƙashin bagadi, mu da ko bagadin kirki ba mu da shi, tebur ne mai ƙafa uku an tokare shi da dutse. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya ɗaga wa wani hannu, amma gaisuwa ta gajarce, a rijiya kowa ya ja gugansa ya yi gaba. Gida uku suka ɗaure kaya suka yi kudu. Gwaggona ta aiko cewa a ƙara jira hanya ta lafa.

Wata Lahadi bayan sujada Baba Saje ya miƙe ya ce shi ba inda za shi, kuma tunda abin ya zama haka, za a kafa gadi na kwana arba'in, ba na bindiga ba, na addu'a. Maza su riƙe dare, mata su riƙe rana, awa bibbiyu, kada majami'a ta zama ba murya ko na minti ɗaya. Mai gadi zai riƙe wata sandar gora, ba zai fita ba sai mai karɓa ya zo ya karɓe ta hannu da hannu. Addu'a da waƙa a bayyane za a yi su, don a san ba gyangyaɗi ake ba. Wanda ke da uzuri ya zo gabansa ya ba da rahoto da bakinsa, ba aike. Ya hana kowa ƙetare rafi sai abin ya wuce. Shi kansa ya ɗauki gadin waje, ya yi alkawari a gaban ikilisiya ba zai ɗaga daga wurin ba muddin rana na sama. Zai zauna a gindin ɗorawa da agogonsa, fuskarsa na kallon burtali, in aka ji ya buga ƙarfe da rana to kowa ya kwashi yara ya yi cikin duwatsu. Da yana rabon lokaci na ji ya ce, "mutanen gidana, hantsi," sai na dubi Mama Ladi. Ta raɗa min, "Zama ne kawai, 'yar nan, awa biyu. Ni ce mai karɓarki kullum, kada ki damu."

Mun yi kwana goma sha tara lafiya, har na fara jin daɗin abin. Tunda aka kawo ni gidan miji ban taɓa samun awa biyu da ba turmi ba tulu ba sai a lokacin. In zauna ni kaɗai, kwano na ƙara a sama saboda zafin rana, ƙadangaru na tsere a jikin bango, in yi waƙa har ta ƙare in kamo wata, in yi wa kowa addu'a gida-gida, har da mutanen ƙetare. In na zo kan abin da ke cikina sai in rage murya, in ɗora hannu a kai, mu yi hirarmu mu uku da Ubangiji.

Rana ta ashirin ta faɗo ran kasuwar Kibiya. Tun da na tashi na ji bayana ya riƙe, na ce ko surfen jiya ne. Maigidana ya ɗaure buhun barkono a keke ya tafi. Kusan duk ƙauyen ya watse, wasu kasuwa wasu gona, domin an yi ruwa shekaranjiya ciyawa ta taso. Mama Ladi ta leƙo da ƙwaryar daddawa a ka, ta ce za ta sayar ta juyo kafin rana ta take tsaka. Na karɓi sanda da hantsi, na shiga na durƙusa.

Ban yi rabin awa ba abin ya murɗa min mara. Na dafe kujera na ci gaba da waƙa. Ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo da ƙarfinsa. Ban taɓa haihuwa ba, amma na zauna a ɗakin masu naƙuda, na san abin da nake ji, na kuma san lokacinsa bai yi ba. Daga inda nake zuwa gindin ɗorawa taku ashirin ne bai cika ba. In na fita na faɗa masa, zai nemo mata daga gona, a tare mota a titi a kai ni asibiti Rano. To amma in ce masa me? Na jera kalmomin a raina, na juya su, na nemi wadda za ta iya fita daga bakina ta shiga kunnen uban mijina, ban sami ko ɗaya ba. Na ce bari in daure, awa biyu ce, Mama Ladi na tafe. Duk sanda ciwon ya taso sai in ɗaga murya da waƙa don kada in yi ihu, sai in jiyo shi daga waje yana cewa, "Madalla! Haka ake so a ji mai gadi."

Rana ta take tsaka, ba Mama Ladi. Daga baya muka ji abin da ya faru. Wani ne ya kwarma ihu a kasuwa cewa ana faɗa a Rano, mutane suka watse, direbobi suka gudu da motocinsu, ashe ƙarya ce, ita kuwa da ƙafa ta taho, ta zagayo ta daji don tsoro. Ni a lokacin ban san wannan ba. Na dai ji takun Baba Saje ya taso, ya zo jikin taga, ya ba ta baya, ya yi gyaran murya.

"A gaya wa mai gadi ta ƙara haƙuri. Mai karɓa ta makara, za ta kuwa ji daga gare ni."

Na cije bakin mayafi.

"Akwai rahoto?"

Tsakanina da shi bango ne kawai, ina jin numfashinsa. Zufa ta jiƙa ni sharkaf. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, abin da ya fito shi ne baitin waƙar da na tsaya a kai. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Babu rahoto. Madalla." Na ji takunsa yana komawa, ƙafa ɗaya na jan ɗaya.

Nan nake maƙalewa duk sanda na tuna. Shekaru nawa ke nan, amma ina tsinkar zogale ko ina wanki sai in tsinci kaina a jikin tagar nan ina sake gwada maganar, in ga ashe ba ta da wani tsawo. Ko "Baba, ba ni da lafiya" na ce ta isa. Me ya hana ni? Kunya ce, i, amma ba ita kaɗai ba. So nake ya ce na iya. Shekara tara ina jin kaina kamar wadda ta zo cin tuwon gidan a banza, ga wuri ɗaya da tsohon nan ke cewa madalla saboda ni, sai na ƙi sakinsa.

Aka kira azahar a ƙetare, ina ji. Bayan nan ban ƙara sanin lokaci ba. Na san dai muryata ta dushe, ta koma nishi, daga nan ta ɗauke, na zame daga jikin kujera na kwanta a daɓe. Shirun ne ya taso shi. Ya shigo da faɗansa, yana cewa wane irin gadi ne wannan da ake barci da rana tsaka, sai takalminsa ya taka danshi. Ya tsaya. Ya sunkuyo, ya kawo fuskarsa kusa saboda idon, kuma ran nan ne karo na farko da muka dubi juna. Mayafin ya riga ya zame. Ya dubi cikin, ya dubi jinin. Can ya ce, "Yesu! Tun yaushe?"

Bai jira amsata ba. Ya tuɓe rigarsa ya tura min ƙarƙashin kai, ya zare sandar daga hannuna ya yar. Bai buga ƙarfe ba, don ya san in ya buga kowa duwatsu zai nufa. Ya bar majami'a ba murya, ya bar gindin ɗorawa ba kowa, ya nufi rafin da shi da bakinsa ya hana a ƙetare. A can akwai Inna Hajara ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin yaran unguwannin biyu, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce ta idar da salla ke nan sai ga mutum ya faɗo mata gida ba sallama, ba riga, jiƙe har ƙugu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan laka ta cire, ƙafar na jini. Maza suka taso da sanduna, sun zaci abin da ake ta faɗa ne ya zo. Shi kuwa ya zube a gabanta ya ce, "Hajara, ki rufa min asiri, 'yata ce."

Ta zo da gudunta ita da mata biyu, ɗanta kuma ya hau mashin ya tafi neman mota. Ta cire takalmi a ƙofar majami'a, ta yi bismilla ta shigo. Da ta taɓa ni sai ta ce, "Haba 'yar nan, haba! Tun safe kina nan, mutum na zaune a waje?" Kafin mota ta iso na haihu. Mace ce, 'yar mitsitsiya, komai nata ya cika har farce. Ta yi motsi, ta buɗe baki. Inna Hajara ta hura mata, ta jijjiga ta, ta yi duk abin da ta sani, amma ba ta yi kuka ba. Kafin rana ta faɗi an naɗe ta a zanena, maza suka kai ta makabarta. Inna Hajara ta ce da tun hantsi aka kai ni asibiti da wataƙila an tsayar da abin. Wataƙila. Allah kaɗai ya sani, ni dai ban ƙara samun wani cikin ba.

Ba wanda ya sake ɗaukar sandar. Faɗan da ake jira bai zo ba, sai mutanen ƙetare da suka cika mana gida da gaisuwa, mata da ƙwaryar kunu, maza a zaure suna ta ba da haƙuri. Inna Hajara ta ce tunda gwaggona ba ta kusa, ita za ta yi min wankan jego, kuma safe da yamma sai ta ƙetaro da ganyenta. Nono ya cika ba mai sha. Na koma ba na son ganin kowa, ko waƙa aka fara a majami'a sai in toshe kunnuwa.

Ran kwana bakwai, ranar da da an yi suna, bayan addu'ar asuba na ji takunsa ya wuce zaure ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakina, bayan asabari. Bai ce a gaya wa kowa ba, da ni ya yi magana.

"'Yata, ni ne. Ki saurare ni, ba sai kin fito ba."

Sai ya ci gaba.

"A soja, in an yi doguwar tafiya, kwamandan kirki ba ya zama jiran rahoto. Zagawa yake, ya sa kowa ya cire takalmi, ya duba ƙafafu da idonsa, don ya san yaro zai ɓoye ciwo har ƙafar ta ruɓe kada a ce rago ne. An koya min wannan. Na zo majami'a da fareti, na zo da gadi, na baro wannan a bariki. Shi kuwa Ubangijin da nake cewa ina yi wa aiki, durƙusawa ya yi ya wanke ƙafafun yaransa. Shekara tara ina roƙo, aka ba ni, aka ajiye min kusa da inda nake zaune, ni kuma ina ta cewa madalla. Ki yafe min."

Ina kwance na ba ƙofa baya. Ina so in amsa, ina kuma so in yi masa ihu, ban yi ko ɗaya ba. Ya jima a tsaye, sannan ya ce, "To. Zan dawo gobe."

Ya kuwa dawo. Kullum in an tashi daga addu'a sai ya zo ya tsaya a wurin, ya ce, "Ni ne. Ina kwana. Ki yafe min," ya ɗan jira, ya juya. Ran da ake ruwa ma ya zo, ina jin ruwan na dukan malafarsa. Maigidana ya roƙe ni. Mama Ladi ta zo ta yi ta kuka, ta ce duk laifinta ne, ta ce in buɗe baki ko "to" ne in ce wa tsohon nan. Na kasa. Yankan da ya samu a rafi ya haɗu da tsohon raunin, ƙafar ta kumbura, takun nasa ya koma ja, daga baya har da dogara sanda, amma bai fasa ba. Ni kuma in na ji shi tafe sai gabana ya hau faɗuwa, in ya tafi in ji haushin kaina, in ya ɗan makara in kasa zaune in kasa tsaye. Wata rana in ce gara ya ji a jikinsa, wata rana in ce me tsohon nan ya yi da ni ban yi ba.

Ana saura kwana biyu in gama wanka, aka tashi daga addu'a, na ji mutane sun watse, ban ji shi ba. Rana ta hau katanga. Na zauna, na tashi, na leƙa ta asabari, na koma na zauna. Inna Hajara ta sauke ruwan zafi tana kirana, na wuce ta, ko mayafi ban ɗauka ba, na ratsa tsakar gida na nufi ɗakinsa da ke jikin zaure. Ƙofar a buɗe take. Yana zaune a bakin gado, zazzaɓi na kaɗa shi, ƙafar ta yi suntum, ya riƙe takalmi da hannu biyu yana ƙoƙarin tura ta ciki tana ƙi.

Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, kada ka tashi. Na zo."

Ya ɗago, takalmin ya suɓuce daga hannunsa.

Na ce, "Na yafe. Ni ma ai ka tambaye ni, ban faɗa ba. Ka yafe min."

Ya yi ta girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. Ya nuna min tabarma, na shiga na zauna a ɗakin da ban taɓa takawa ba. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya rage murya ya ce, "Da aka miƙo min ita a bakin rami, ban iya buɗe zanen ba. Na kuma kasa tambayar kowa. Ke kin gan ta. Da wa ta yi kama?"

Na dube shi sosai don in tabbatar, na ce, "Da kai, Baba. Har goshin."